Hoton kifin tankina ba ya fita da kyau, sai na sayi babbar kyamara?

Tambayar ta zo ne daga wani matashi a Unguwar Rogo, nan Jos. Ya ce yana da tankin gilashi mai tsawon ƙafa biyu a falo, da gupi da moli a ciki, sai kuma beta guda ɗaya a wani ƙaramin tanki daban. Gupinsa sun fara haihuwa, har yana so ya riƙa sa hotunansu a WhatsApp da Facebook ko Allah zai kawo mai saye. Amma duk hoton da ya ɗauka da waya, ko dai kifin ya fito dishi-dishi, ko ya ga kansa da wayarsa a jikin gilashin, ko ruwan ya fito kore-kore. Shi ne yake tambaya ko sai ya sayi babbar kyamara.

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Ɗaukar hoto sana'ata ce, kiwon kifin ado kuma abin sha'awata ne, kuma ina tabbatar maka yawancin abin da ke ɓata hoton kifi yana faruwa ne tun kafin haske ya iso idon kyamara. Mai ɗaukar hoton mutum iska kawai ke tsakaninsa da wanda yake ɗauka. Kai kuwa akwai iska, akwai gilashi, akwai ruwa, kuma kowannensu yana da irin ɓarnar da yake yi wa haske. In ba ka gyara waɗannan ba, babbar kyamara ba abin da za ta ƙara maka sai dai ta fito maka da dattin gilashin tar-tar.

Mu fara da ganin kanka a gilashi, don shi ya fi sauƙin magani. Ka lura da tagar gilashi da daddare: wanda ke cikin ɗaki mai fitila kansa yake gani a jikin tagar, wanda ke tsaye a waje cikin duhu kuwa yana ganin komai na cikin ɗakin. To kai ne za ka zama na wajen. Dole cikin tankin ya fi falon haske nesa ba kusa ba. Saboda haka ka bari sai bayan isha'i, ka kashe fitilar falo, ka kashe talabijin, ka saki labule, a bar fitilar tanki ita kaɗai. Ka sa riga mai duhu, domin farar jallabiya ita ce ta farko da za ta bayyana a gilashin. In murfin wayarka fari ne ko mai ƙyalƙyali, cire shi. Wata dabara mai araha ita ce ka samu baƙin kwali irin wanda 'yan makaranta ke saye a shagon littattafai, ka huda ƙaramin rami daidai idon kyamarar, ka ɗauka ta cikin ramin. Hannunka da fuskarka duk sun ɓuya a bayan kwalin, abin da gilashin zai mayar maka baƙi ne kawai, baƙi kuwa ba ya nunawa. In kuma ka manna wayar a jikin gilashin, babu ma sararin da hasken ɗaki zai shiga tsakani, sai dai wannan yana da tasa matsalar, zan zo kanta.

Na biyu shi ne wanda mutane ba su cika ganewa ba, kuma shi ne ya fi cinye kaifin hoto. Haske yana lanƙwasawa duk lokacin da ya fita daga ruwa ya shiga gilashi, ya kuma sake lanƙwasawa in ya fita daga gilashi ya shiga iska. A ma'aunin masana, in iska tana da 1, ruwa yana da kusan 1.33, gilashi kuma kusan 1.5. Wannan ne ya sa tankin ke yi maka kamar bai kai faɗinsa na gaskiya ba in ka dube shi ta gaba, don abin da ke cikin ruwa yakan yi kamar ya matso da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nisansa. In ka fuskanci gilashin kai tsaye, wannan lanƙwasa ba ta cutar da hoto sosai. Amma da zarar ka karkata wayar, ko sama ko ƙasa ko gefe, sai launuka su rarrabu, don kowane launi da gwargwadon lanƙwasarsa. Shi ya sa za ka ga gefen kifin ya yi shuɗi-shuɗi ta nan, ja-ja ta can, jikin kuma ya ƙi kaifi ko da kifin a tsaye yake cak. Babu manhajar da za ta gyara wannan gaba ɗaya daga baya. Bayan wayarka ya zama yana kallon gilashin sak, kamar an jera su. In kifin ya yi ƙasa, kai ma ka yi ƙasa da jikinka gaba ɗaya, kada ka sunkuyar da wayar. In ya yi dama, ka matsa dama. Ka nemi kujera 'yar tsugunno ko ka zauna a ƙasa, yadda idonka zai zo daidai da tsakiyar tankin, don wanda ya ɗauka a tsaye dole ya karkata.

Daga nan kuma za ka gane dalilin da ya sa kifin da ke kusa da gilashin gaba ya fi fita da kyau fiye da na can baya: ruwan da hasken zai ratsa kaɗan ne. Haka nan tulun gilashi mai zagaye, irin wanda ake sayar da golfish a ciki, ba a samun hoton kirki a cikinsa, don ko ta ina ka bi a lanƙwashe yake. Ni dai ba na ma son a ajiye kifi a cikinsa, hoto ko ba hoto, saboda ƙuncinsa da ƙarancin saman ruwan da iska ke shiga.

Sai tsabtar gilashi. A Jos lokacin hunturu ka goge da safe, kafin la'asar ƙura ta sake kwantawa, don haka gogewar waje a yi ta dab da ɗauka. Tsumma mai laushi da ruwa zalla sun isa. Farin tabon da ruwan rijiyar burtsatse ke bari in ya bushe yana fita da ɗan ruwan khal ko ruwan lemon tsami a tsumma, amma ta waje kawai. Kada ka fesa wani maganin goge gilashi kusa da buɗaɗɗen tanki, kada sabulu ko omo ya taɓa ciki, kuma in an fesa maganin sauro a falon, a tabbatar tankin a rufe yake. Ta ciki kuwa, akwai siririyar gansakuka da ido ba ya gani sai kyamara ta nuna ta kamar hazo. Ka kankare ta da sabon soso wanda bai taɓa sabulu ba, ko da tsohon katin roba. Ka kula kada ƙwayar yashi ta maƙale a soson, don ita ke karce gilashi, karcen kuwa ya zauna ke nan. Idon wayar ma ka goge shi, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa fitilar tanki ta yi wutsiya a hoto.

Ruwan kansa a shirya shi tun jiya, ba yau ba. Ka canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka zuƙe dattin ƙasa, ka bar filta, wato matatar ruwan tanki, ta kwana tana aiki. In ka canza ruwa yanzu ka ɗauka yanzu, za ka samu ƙananan kumfa manne a gilashi, ga datti na yawo, ga kifi a firgice. Ka ce ruwanka yana fitowa kore. In a ido ma koren ne, to gansakuka ce ta cika ruwan, kuma yawanci rana ce ke dukan tankin ta taga, ko fitila na kwana a kunne, ko abinci ya yi yawa. Ka rage fitila zuwa kamar awa 8 a rana, ka rage abinci. In ruwan rawaya-rawaya yake kamar shayi marar ƙarfi, itace ko ganye ne ke zubar da launi, gawayin filta yana janye shi cikin 'yan kwanaki. In kuwa a ido garau yake, a hoto ne kawai yake kore, to wannan maganar launin fitila ce, tana gaba. Lokacin ɗauka ka kashe injin kumfa na ɗan lokaci, don kumfa na jan fokas ɗin waya, wato inda take sa kaifin hoto, ya bar kifin. Filta ma ana iya kashe ta don dattin da ke yawo ya kwanta, amma kada ya wuce minti 15 zuwa 20, saboda ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikinta suna buƙatar ruwa mai gudana. Sa ƙararrawa a waya, don mai ɗaukar hoto mantuwa gare shi in abu ya fara daɗi.

Akwai abin da ya shafe mu mu mutanen Jos musamman. Garin nan yana bisa tsauni kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu dare yakan sauka ƙasa da digiri 15. Gupi da moli da beta kifayen ruwan ɗumi ne, sun fi son digiri 24 zuwa 27. Kifin da sanyi ya kama yana tsuke fiffikensa, launinsa ya koɗe, ya lafe a ƙasa ko kusa da hita, wato abin ɗumama ruwa. Mutum zai yi ta ɗauka yana cewa waya ba ta fitar da kala, alhali kalar ce babu a jikin kifin. In ba ka da hita da ma'aunin zafi, su ne farkon abin da za ka kashe wa kuɗi, kafin duk wani kayan hoto. Kuma ranar canjin ruwa kada ka kwarara musu ruwan da ya kwana a bokiti a waje, ka daidaita ɗuminsa da na tanki tukuna. Golfish yana cikin sanannun da ke jin daɗin yanayinmu ba tare da hita ba, don shi mai son sanyi-sanyi ne.

Yanzu haske. Fitilar da ta ishi idonka ba ta ishi kyamara ba, musamman ga abu mai motsi. Ka ƙara haske, kuma daga sama, don kifi da hasken sama ya saba, launin jikinsa ma a kan haka aka tsara shi, baya duhu ciki fari. Ga wani ƙaramin sirri da yake canza hoto gaba ɗaya: jawo fitilar zuwa gaban tankin, kusa da gilashin da kake ɗauka ta cikinsa. In fitila tana tsakiya ko baya, kifin da ya zo gaba bayansa ne kawai ke shan haske, gefen da ke kallonka yana cikin inuwa. In ka matso da ita gaba ka ɗan karkata ta ciki, sai hasken ya zubo a kan gefen da kake gani, nan ne za ka ga shuɗi da kore masu walƙiya na wutsiyar gupi sun tashi. Fitila mai caji ta isa a matsayin ƙari. Ka ɗora ta a kan murfin gilashi, ko wani ya riƙe maka. In haskenta ya yi tsauri, shimfiɗa farar takarda tsakaninta da murfin. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rataya ƙwan lantarki mai waya tsirara a kan buɗaɗɗen ruwa. Hoto bai kai ran mutum ba.

Dishi-dishin da kake gani kuwa, yawancinsa motsi ne. Kyamara tana buɗe ido ta rufe cikin wani ɗan lokaci, in wuri da duhu sai ta daɗe a buɗe don ta tara haske, wataƙila 1/30 na daƙiƙa ko ma fiye. A wannan ɗan lokacin gupi ya riga ya gusa. Shiga sashen kyamarar wayarka da aka rubuta Pro, yawancin wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da Redmi suna da shi, ka nemi harafin S, shi ne saurin ƙiftawa. Ga kifi mai nutsuwa kamar beta ko enjal, 1/125 yakan isa. Ga gupi da moli ka fara daga 1/250. Masu gudun tsiya irin su daniyo sai 1/500. Da ka ƙara sauri hoton zai yi duhu, sai ka ɗaga ISO, wato ma'aunin da ke ƙara wa hoto haske, ya cike gurbin. A waya ka yi ƙoƙari kada ka wuce 800, don daga nan hoto yake fara yin tsaki-tsaki, launi ya dagule. In a 1/250 da ISO 800 har yanzu da duhu, amsar ita ce ƙarin fitila, ba ƙarin ISO ba. Amma in dole ka zaɓa, hoto mai ɗan tsaki wanda idon kifi ya fito da kaifi ya fi hoto mai santsi wanda kifin ya zama zane.

A nan wata matsala kan ɓullo. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu masu araha, da dogon ƙwan nan da wasu LED, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma da ka kai 1/250 sai ka ga layuka masu duhu sun ratsa hoton, ko wani hoto ya fito da haske na bayansa ya fito da duhu. In ana kan janareta abin ya kan ƙara tsananta. Maganinsa fitila mai aiki da batir, ko fitilar tanki mai kyau wadda ke da adafta, kuma a ƙure haskenta, domin na'urar rage haske ita ma ta hanyar ƙyaftawa take ragewa a fitilu da yawa. In bidiyo kake ɗauka, tsaya a 1/50 ko 1/100, layukan za su ɓace.

Wasu abubuwan da wayar ke alfahari da su, a nan cutarwa suke. Yanayin ɗaukar dare yana haɗa hotuna da yawa ne na tsawon daƙiƙoƙi, yana ɗauka abin a tsaye yake, kifi kuwa ba ya tsayawa. Yanayin da ke dusashe bayan mutum yana yanke gefen fiffike, don manhajar ba ta iya rabe siririn fiffike mai shara-shara da ruwa. Jawo hoto da yatsu biyu yanka ne kawai, sai dai in wayarka tana da ido na musamman na 2x ko 3x, wannan kam yana da amfani sosai in haske ya wadata. Ƙaramin idon ɗaukar abu na kusa da ke kan wayoyi masu sauƙin kuɗi, sau da yawa megafiksel 2 ne kawai, ka bar shi. Filashar waya kuma a kashe, don tana dab da idon kyamara, haskenta gilashi zai doka ya dawo maka a matsayin farin tabo, abin da ya shige ciki kuma ya haska duk wani datti da ke yawo.

Na ce manna waya a gilashi yana da matsala. Babban idon yawancin wayoyi ba ya iya kama abin da ya fi kusa da kamar santimita 8 zuwa 10. In ka manna wayar, kifin kuma ya zo dab da gilashi, fokas ba zai taɓa kamawa ba. Don haka ko dai ka manna ka jira kifin da ke ɗan ciki, ko ka ja baya kamar taƙi ɗaya ka yi amfani da baƙin kwalin nan. Ni na fi son na biyun ga ƙananan kifi.

Kada ka bi kifi da waya. Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi wahalar bari. Kifi ya fi hannunka sauri, kuma ya fi fokas ɗin waya sauri, ga shi bin nasa yana sa ka karkata. Zauna ka kalli tankin na ɗan lokaci ba tare da ka ɗauki komai ba. Za ka ga kowane kifi yana da hanyarsa. Akwai inda yake juyawa, akwai ganyen da yake tsayawa a gefensa, namijin gupi kuma yana da lokacin da yake shan gaban mace ya lanƙwasa jiki ya baje wutsiya yana karkarwa, wannan ɗan tsayin shi ne hotonka. Zaɓi wuri ɗaya mai haske, ka danna yatsa a kan ganye ko dutsen da ke daidai nisan har fokas ya kulle, ka dafa gwiwar hannunka a kan wani abu, ka jira. In ya shigo, ka danne maɓallin ya ɗauki da yawa a jere. Mafi yawansu shara ne, kuma haka abin yake ga kowa, har ƙwararru. Abin da za ka duba wajen zaɓe shi ne ido. In idon kifi ya fito da kaifi, mai kallo zai yafe wa wutsiya in ta ɗan dusashe. In ido ya dusashe, komai kyan sauran, goge shi. Wata hanyar kuma, in wayarka tana ɗaukar bidiyon 4K, ka ɗauki gajeren bidiyo da saurin ƙiftawa mai yawa ka ciro hoto daga ciki. Kowane hoto a 4K kusan megafiksel 8 ne, ya ishi intanet har ya yi saura.

Maganar launi. Fitilun tanki sun bambanta, na tankin shuke-shuke yawanci suna wajen 6500 a ma'aunin Kelbin, wato farin hasken rana, wasu kuma an cika musu shuɗi ko ruwan hoda don su burge ido. Waya tana ƙoƙarin yin hasashe, ga koren ganye ya cika mata fuska, sai ta rikice. A sashen Pro akwai WB, wato ma'aunin daidaita fari. Saka farin cokalin roba mai tsabta cikin ruwan inda kifin zai tsaya, ka juya ma'aunin har cokalin ya zama fari a allon waya, ka bar shi a nan. In fitilarka tana da ƙwayaye masu shuɗi da ake iya kashewa daban, kashe su. Kuma kada ka haɗa fitila mai rawaya da fara a lokaci guda, don ba saitin da zai gamsar da su biyun. In wayar tana ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba ta sarrafa ba, kunna shi, gyaran launi daga baya ya fi sauƙi a kansa.

Bayan tanki a sa masa baƙin kwali ko shuɗi mai duhu ta waje. Hotunan nan na roba masu murjani da duwatsu da ake liƙawa suna gasa da kifin ne kawai. Hita da bututun filta a matsar da su gefe ɗaya ko a ɓoye su bayan ganye. Amma ka sani baƙin bango yana ruɗin waya, sai ta ɗauka wurin duhu ne ta ƙara haske, jikin kifin ya ƙone ya zama fari fat, musamman farin moli ko duk mai ɓawo mai sheƙi. Ka ja hasken ƙasa kaɗan har ka ga zanen ɓawon jikinsa ya dawo. Inuwa ana iya ɗago ta daga baya, abin da ya ƙone kuwa ya tafi. Wajen tsara hoton, ka bar fili a gaban kifin ta inda ya dosa, kada hancinsa ya tokare da bakin hoto.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in kifin a tsorace yake, kuma a nan nake so ka ji ni da kyau. Kada ka ƙwanƙwasa gilashi don ya juyo. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa da yake jin motsin ruwa da shi, abin da kake ji ɗan ƙwas a yatsa, shi duka ne a gare shi. Kada ka kunna fitila cikin duhu ka hau ɗauka nan take, kifi ba shi da fatar ido da zai rufe, kuma da yawansu launinsu yana koɗewa in sun yi barci. Tetira mai layin shuɗi misali ce bayyananniya, in ka kunna fitila da asuba za ka same ta fari-fari. Ba su kamar rabin awa ko fiye. In kana so su taru a gaba, ɗan abinci kaɗan a wuri guda ya isa, kuma in ka saba ba su a wannan kusurwar kullum, da sun gan ka za su zo da kansu. Betanka kuwa, nuna masa ƙaramin madubi ta gefe, zai ɗauka abokin gaba ne ya baje fiffike da marfin kunnuwansa gaba ɗaya, a nan ake samun hoton da kowa ke so. Minti biyu ko uku sun isa, ka ɗauke madubin. Barin sa a haka gajiyar da shi yake yi.

Bari in ɗan ratse, tunda maganar ta zo. Muna ta sayen kifin Tailan da na Amazon, alhali a ƙasar nan akwai waɗanda masu kiwo a Turai da Amurka ke nema ido rufe. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira Fundulopanchax gardneri, namijinsa shuɗi-kore ne da ɗige-ɗigen ja, bakin fiffikensa rawaya, kuma ɗaya daga cikin nau'o'insa da aka sani a duniya sunan tsaunin Jos yake ɗauke da shi. Yana da daɗin ɗauka don yakan tsaya cak a ruwa kafin ya zabura, sai dai gwanin tsalle ne, kada ka buɗe murfi ka juya baya. Akwai kiribensis daga kudancin Najeriya, wadda cikin macenta ke yin ja jawur lokacin ƙwai. Ko kurungun da muka raina, wasu nau'insa a rigingine suke iyo, amma shi mai son duhu ne, sai ka yi haƙuri ka jira shi a bakin maɓoyarsa.

Tunda sayarwa kake so ka yi, ka sa mai yankan gilashi ya haɗa maka ɗan siririn tanki na hoto, tsawo kamar santimita 20, faɗi daga gaba zuwa baya kamar 6 zuwa 8, da gilashi marar kauri. A cikinsa kifin ba shi da inda zai yi nisa da gilashin gaba, fokas ɗinka ba zai ɓata ba. Ka cika shi da ruwan tankin da kifin ya fito, ba sabon ruwa ba, ka kamo shi da kofi maimakon raga don kada wutsiya ta yage, ka ba shi 'yan mintoci ya nutsu, ka ɗauka, ka mayar da shi. A daren hunturu ɗan ruwa kaɗan yana saurin hucewa, don haka kada a daɗe.

In wata rana ka sayi kyamarar, duk abin da na faɗa yana nan daram. Abin da za ta ƙara maka shi ne ido na musamman na ɗaukar ƙananan abubuwa, mai milimita 60 ko 90 ko 100, da filasha wadda ake raba ta da kyamara a ɗora a saman tanki tana kallon ƙasa ta cikin farar takarda. Da wannan za ka iya tsayawa a wajen f/8 zuwa f/11 a ma'aunin buɗewar idon kyamara, sauri 1/200, ISO 200, kuma walƙiyar filashar ce da kanta ke tsayar da motsi saboda gajartarta. In ka ga kifin yana zabura yana dukan gilashi duk lokacin da ta haska, ka dakata. Za a ce maka ka sayi gilashin nan mai kashe ƙyalli da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara. A tanki amfaninsa kaɗan ne, don yana aiki ne sosai in ka karkata, mu kuwa mun ce kai tsaye za a fuskanta, ga shi yana cinye fiye da rabin hasken da kake fama ka tara.

Gyara bayan ɗauka a yi shi da sauƙi. Snapseed ko Lightroom na waya sun isa: ka yanke gefe, ka daidaita fari, ka goge ɗigon dattin da ke yawo a ruwa. Amma kada ka ƙara wa kifin jan da ba shi da shi, kada ka goge yagewar wutsiya ko farin ɗigon cuta. Wanda ya taso daga Bukuru ko ya aiko da kuɗin mota daga Abuja saboda hoton, in ya buɗe leda ya ga wani abu daban, ha'inci ne, kuma masu kiwon kifi a garin nan ba su da yawan da labari zai ɓuya. Ka kwatanta hoton da kifin ido da ido a ƙarƙashin farar fitila kafin ka tura. Ka ɗauki gefen dama da na hagu, ka sa ɗan rula a jikin gilashi a hoto ɗaya don a san girmansa, ka haɗa da bidiyon daƙiƙa goma yana iyo. Wajen turawa a WhatsApp kuma ka zaɓi HD ko ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, zanen wutsiyar da ka sha wahalar kamawa ya narke.